Daga lofe zuwa kara ɗaya: yadda sigari ta samu gindin zama a Zamfara

Teburin mai tireda a bakin tasha, ko a Gusau ne ko Ƙauran Namoda ko Talatar Mafara, tsarinsa kusan ɗaya ne. Alewa da biskit a gaba, ashana da batir da reza a gefe, can ƙurya kuma kwalayen sigari a jere, kowanne an yage masa baki. Wannan yagaggen bakin shi ne abin lura, domin ba kasafai ake sayen kwali a rufe ba. Mutum zai tsaya ya ce, "Malam, Benson kara biyu," a zaro masa, ya jawo laitar da aka ɗaure da zare a ƙafar teburin ya kunna ɗaya, ɗayan ya soke a aljihun gaba. An gama ciniki kafin kwandasta ya gama kiran fasinja. Dokar ƙasa ta hana irin wannan ciniki tun 2015, amma a kansa kasuwar sigari ta tsayu a nan, kuma duk mai son ya gane abin da ya sa taba ta ƙi sakin mutanenmu, daga bakin kwalin nan ya kamata ya fara.

Taba baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida. Asalinta nahiyar Amurka, inda Turawan da suka sauka a 1492 suka tarar da mutanen wurin suna shan hayaƙinta. Cikin shekara ɗari da 'yan kai ta tsallako teku, ta ratsa Sahara, ta shiga zaurukan malamai a matsayin tambayar fiƙihu. Ahmad Baba na Timbuktu, wanda ya rasu a 1627, ya rubuta fatawa a 1607 yana ganin halascinta muddin ba ta gusar da hankali ba. Kafin ƙarnin ya fita, Muhammad al-Wali na ƙasar Bagirmi, cikin Chadi ta yau, ya yi nasa rubutun yana kafa hujjojin haramta ta. Gardamar da ake yi yau a majalisa bayan sallar isha'i, makaruhi ce ko haramun, ta haura shekara 400 ana yin ta.

Sai dai tabar da waɗannan malamai suka yi gardama a kanta ba ita ce ke kan teburin mai tireda ba. Dattijon da can yakan murje busasshen ganye ya dura a lofe, ya ɗora garwashi, ya nemi inuwa ya zauna. Wani kuma a daka masa ganyen ya koma gari, a haɗa da kanwa, ya tsakura ya ajiye tsakanin leɓe da dasashi, ko ya shaƙa ta hanci. Mata ma suna da nasu rabon a fure, wato furen tabar da ake goga wa haƙora tare da goro don su yi ja, ado ne a zamaninsa. Ta shiga rayuwa har ta shiga karin magana, inda ake cewa taba ta bambanta da garin gero.

Kanwar nan ba don ɗanɗano kawai ake sa ta ba. Sinadarin da ke kama mutum a taba, nikotin, ba ya ratsa fatar cikin baki sosai sai in wurin ba shi da tsami, kanwa kuwa aikinta kashe tsami. Kakanni ba su san sunan sinadarin ba, amma sun gano cewa garin da aka sa wa kanwa ya fi bugu. Hayaƙin lofe shi ma haka yake: yana da kauri da kaifi, yana shaƙe maƙogwaro, saboda haka yawanci a baki ake riƙe shi a fesar, nikotin ɗin ya shiga jini a hankali. Wannan bai wanke lofe da garin taba ba, suna cin dasashi, suna jawo sankarar baki da maƙogwaro. Amma shan su yana buƙatar zama, da wuta, da lokaci, kuma yaro ɗan shekara 13 ba ya iya ɓoye lofe a aljihu.

Abu biyu ne suka sauya lissafin, duk a Amurka, duk a ƙarni na 19. Na farko sabuwar hanyar busar da ganye: a rataye shi a rufaffen ɗaki, a bi da zafin wuta ta cikin bututu ba tare da hayaƙi ya taɓa shi ba, cikin kamar mako guda ya fito ruwan ɗorawa da sukarinsa a jiki. Hayaƙin irin wannan ganye yana da laushi, ba ya shaƙe mutum, don haka ana iya zuƙe shi har cikin huhu. Nikotin kuwa da ya isa huhu, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya kai ƙwaƙwalwa. Na biyu inji. A 1881 James Bonsack ya samu rajistar injin naɗa sigari mai fitar da kara 200 a minti guda, abin da ƙwararren mai naɗi da hannu zai kwashe kusan awa yana yi. James Duke ya rungumi injin, ya cika kasuwa da sigari mai arha, ya kafa American Tobacco a 1890. A 1902 kamfaninsa da Imperial na Ingila suka haɗa hannu suka haifi British American Tobacco, wato BAT, don ya yi musu kasuwancin sauran duniya. Tun daga ranar matsalar masu sigari ta tashi daga yadda za a naɗa ta, ta koma yadda za a samo bakunan da za su shanye abin da injin ke zubarwa.

Najeriya na cikin inda aka nemo bakunan. BAT ya buɗe harka a nan a 1912 da shigo da kaya, sannan ya gwada ƙaramar masana'anta a Oshogbo a 1933, ya gina cikakkiya a Ibadan a 1937. A 1951 aka kafa Nigerian Tobacco Company, NTC, wanda ya ƙara masana'anta a Fatakwal a 1956 da ta Zariya a 1959. A Ilori kuma aka samu International Tobacco Company a farkon shekarun 1960. Titin jirgin ƙasa ya riga ya iso Gusau da Ƙauran Namoda tun 1929, kuma hanyar da gyaɗa da auduga suka bi suka fita, ita kwalayen sigari suka biyo suka shigo, tare da ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni da direbobi da tsofaffin soja. A idon saurayin wancan zamani, farin kara a baki alamar mai albashi ce, lofe kuwa na tsohon ƙauye.

Ƙasar Zamfara ba shan sigari kaɗai ta yi ba, ta noma ganyenta. Fadamun gulbin Sakkwato da ke kewayen Talatar Mafara sun yi suna da taba, ana tara ta a Gusau a wuce da ita Zariya. Noma ne mai cin rai. Irin ƙanana ne ƙwarai, giram guda na ɗauke da ƙwaya fiye da 10,000, dole sai an gauraya shi da toka ko rairayi kafin a yafa a fangalin reno. Sai ya yi mako 6 zuwa 8 ana ba shi ruwa da inuwa kafin a dasa. Idan ya tasa ya fara fure sai a datse kan, a bar ganye kamar 18 zuwa 22, a riƙa bi ana tsinke 'ya'yan reshen da ke tsirowa a hammatar ganye, in ba haka ba ƙarfin shukar ya tafi can, ganyen ya fito siriri. Ba a girbe shi rana ɗaya. Daga ƙasa ake farawa, ganye biyu ko uku duk zagaye, yadda suke nuna. A soke su a zare a rataye cikin rumfa mai inuwa, iska ta busar da su cikin wata ɗaya zuwa biyu.

A rumfar nan ake samun riba ko a yi asara. In hunturu ya busa da ƙarfi ganyen ya bushe da gaggawa, korensa ya zauna, sai ya faɗi daraja. In kuma an cunkusa shi da yawa ko laima ta kama shi, ya yi fumfuna ya ruɓe daga jijiya. Akwai kuma ciwon da masu tsinka kan ɗauka: ganye mai raɓa yana sakin nikotin ta fatar hannu, mutum ya kama jiri da amai da ciwon kai alhali bai taɓa kai kara baki ba, kuma ya fi kayar da yara. Bayan duk wannan, kamfanin da ya ba da iri da taki bashi shi ne mai saye, shi ne mai raba ganye aji-aji, shi ne mai yanka farashi. Madatsar ruwan Bakolori da aka kammala a 1978 ta sauya yadda ambaliya ke sauka a fadamun, yau kuma shinkafa da albasa da tumatir da dankali aka fi sani a yankin.

To, sunayen fa? A wurin da yawancin masu saye ba sa karanta boko, hoton jikin kwali shi ne suna. Three Rings ta zama mai zobe, Bicycle ta zama mai basukur. Daga baya kasuwa ta kasu hawa-hawa: Benson & Hedges da Rothmans da Dunhill da St. Moritz a sama, London da Aspen da Oris da ire-irensu a inda aljihun leburori da 'yan acaɓa ke kaiwa. Mai shan Benson yana ganin ya fi mai shan ta ƙasa, kuma a kan wannan jin aka kashe kuɗin talla. Marlboro ta isa misali. A shekarun 1920 sigarin mata ce a Amurka. A tsakiyar shekarun 1950 aka sauya mata kwali aka liƙa mata hoton makiyayi a kan doki, ta koma ta mazaje, har ta zama wadda aka fi saye a duniya. A nan gida, Benson & Hedges ya ɗauki nauyin manyan wasannin kiɗa na Golden Tones a shekarun 1990, matasa suka cika filaye ƙarƙashin tutoci masu ruwan zinariya. Kamfanonin sun daɗe da gane cewa wanda ya wuce shekara 25 bai fara ba da wuya ya fara, shi ya sa idonsu ke kan samari.

A ɗauki kara guda, ko na kwalin zinariya ko na mai arha, a tsaga shi da reza a kan farar takarda. Tsawonsa kamar milimita 84. Ganyen da ke ciki bai cika giram guda ba, kuma ba zallar ganye ba ne: akwai jijiyoyin da aka murƙushe, da ɓarɓashin da aka kwaɓa aka mayar kamar takarda aka sake yankawa, da sukari da sinadaran hana bushewa. Farin abin da ke gindi, wanda ake ɗauka auduga ce, zaren roba ne, shi ya sa guntayen ke shekara a kwata ba su narke ba. A ɗaga takardar gindin a hasken rana, a wasu za a ga layin ƙananan huji. Hujin nan suna shigar da iska ta tsarma hayaƙin, sai injin awo ya nuna kwalta kaɗan, wato baƙin dattin da hayaƙin ke bari, a rubuta wa sigarin mara ƙarfi. Amma mutum ba inji ba ne: yatsunsa da leɓensa suna toshe hujin, kuma in bai ji abin da yake nema ba yakan ƙara zurfin zuƙa. Mai sanyi kuwa, wadda ake sa wa mentol, ba ta rage komai ba. Maƙogwaro kawai take kashewa kada ya ji kaifin, wanda ya sa ta fi sauƙin shiga ga sabon shiga. Kowane kara na ɗauke da nikotin wajen miligiram 10 zuwa 12, jiki ya ɗauki 1 zuwa 2. Bakin wutar kan kai zafin digiri 900 lokacin zuƙa, kuma hayaƙin da ke fitowa na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa sankara. Nan babu bambanci tsakanin sigarin alhaji da ta yaron mota.

Ba yau aka san illar ba. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill a Ingila suka nuna alaƙar sigari da sankarar huhu, a 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya rufe gardamar. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 duk shekara, kuma tana iya kashe rabin waɗanda suka lizimce ta ba su bari ba. A asibitocinmu ba lallai a ji an ambaci taba ba. Abin da ake ji shi ne hawan jini, shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya, tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da tarin fuka, wanda mashayi ya fi saurin kamuwa da shi kuma ya fi wuyar warkewa a jikinsa.

Yanzu a koma ga kara ɗaya. Nikotin ba ya daɗewa a jini. Duk bayan kamar awa 2 rabinsa ya tafi. Da ya yi ƙasa sai mashayi ya ji ƙunci, hankalinsa ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, ƙaramin abu ya harzuƙa shi. Ya kunna, ya ji ya dawo daidai, sai ya ɗauka sigari ce ke kwantar masa da hankali, alhali ƙuncin da ta haifar ne take ɗagewa na ɗan lokaci. Wannan ƙishirwa mai dawowa duk bayan awa ɗaya ko biyu ta yi daidai da aljihun mai neman na yau da gobe. Ɗan acaɓa ba ya da kuɗin kwali da safe, amma duk fasinja biyu yana da kuɗin kara. A ce kara naira 50 ne, yana shan 10 a yini: naira 500 ke nan kullum, 15,000 a wata, 182,500 a shekara. Da za a ce ya ajiye wannan kuɗi dunƙule a kan tebur da ya ja baya, amma da yake hamsin-hamsin suke fita, ba ya jin zafinsu. Mai tireda shi ma ya fi samu a kwalin da ya fasa fiye da wanda ya sayar a rufe, ga shi kara na jawo cinikin alewa da ashana, har da bashi ga wanda aka saba da shi.

Ɓarnar sayar da kara ba ta tsaya a kuɗi ba. Ita ce ƙofar yara, domin kuɗin kara bai wuce kuɗin alewa ba, kuma al'adar aike ta ba su mafaka: "Yayana ne ya aiko ni," shi ke nan, ba mai tambaya. Sannan tana kashe gargaɗi. Tun 2021 aka wajabta hoton cuta ya rufe aƙalla rabin jikin kwali, to amma mai sayen kara ba ya riƙe kwali, hoton yana can yana kallon mai tireda. Tana kuma ba mutum hujjar yaudarar kansa, ya ce ai shi biyu ko uku kawai yake sha. Huhu na iya samun sauƙi da raguwar adadi, amma zuciya da jijiyoyin jini ba haka lissafinsu yake ba: binciken da aka tattara a 2018 ya nuna mai shan kara guda a yini yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan 20.

Doka kam akwai ta. Gwamnatin soja ta yi dokar taƙaita shan taba a 1990. Najeriya ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar ƙasa a Mayun 2015, ƙa'idojin aiki da ita suka fito a 2019. Ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta hana talla, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a da motocin haya, ta ce kwali kada ya gaza kara 20 kuma a rufe za a sayar. An ƙara haraji daga 2018: naira 1 a kan kowane kara, ta koma 2 a 2019, sannan 2.90 a 2020, ban da kason da ake ɗauka a kan farashi, amma duk da haka jimillar harajin ba ta kusanci kashi 75 cikin 100 na kuɗin kwali da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara ba. A Disamban 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan BAT na Najeriya, wanda ya haɗiye NTC tun 2000. Duk waɗannan a Abuja da Ikko suke aiki. A tashar Gusau babu jami'in da aikinsa ne ya duba bakin kwali. Ga kuma fasa-ƙwauri: sigarin da ake saukewa a tashoshin ruwan Kwatano da Lome da sunan Nijar, wani kaso nata kan juyo ta kan iyaka ya shigo kasuwannin arewa maso yamma ba haraji, ba hoton gargaɗi, kuma ita ce ke sa farashi ya ƙi tashi.

A Zamfara akwai wani abin dubawa. Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999 an rufe gidajen giya, amma sigari ta ci gaba da zama a kan tebur, saboda ba ta cikin abin da ake yi wa haddi, kuma tsohuwar gardamar malamai ta bar mata ƙofa. Malamai da yawa na wannan zamani sun koma ga haramci, suna kafa hujja da hanin jefa kai cikin halaka da ƙa'idar ba cuta ba cutarwa, tunda illar da magabata ba su gani ba yanzu ta bayyana. Abin da ya fi doka aiki a nan shi ne kunya. Saurayi ba ya sha a gaban mahaifinsa ko surukinsa ko malaminsa; in babba ya ɓullo sai ya dunƙule karan cikin tafin hannu, wutar na kallon ciki, ya bi da goro ko TomTom kafin ya shiga gida. A binciken aure ana tambaya ko yaron yana shan taba. Wannan kunya tana cikin abin da ya riƙe adadin: binciken ƙasa na 2012 ya samu kashi 5.6 cikin 100 na manya suna amfani da taba, maza kashi 10, mata 1.1. Ya kamata a riƙe ta da kyau. Illarta ita ce tana kora hayaƙin cikin ɗaki da shago da bayan gida, inda mata da ƙananan yara ke shaƙarsa, kuma tana hana mashayi ya fito ya ce yana neman taimako.

Masu haƙar zinariya a ƙasashen Anka da Bukkuyum da Maru suna da ƙarin haɗari na musamman. Ƙurar dutsen da ake niƙawa tana tabon huhu, sigari kuma tana kashe ƙananan gashin da ke share hanyar numfashi, sai ƙurar ta zauna, tarin fuka ya samu wurin shiga. Sannan a yankin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, hannun da ya taɓa garin dutse in ya riƙe kara ya kai baki, dalmar ya kai. Shisha da samarin gari suka ɗauka ado ce, ruwan tulun sanyaya hayaƙi kawai yake yi, ba ya tace shi, ga iskar gawayi a kai.

Bari yana yiwuwa, kuma ribarsa tana da yawa: wanda ya lizimci sigari yakan rasa kusan shekara 10 na rayuwa, wanda ya bari kafin ya kai 40 yakan kauce wa kusan kashi 90 cikin 100 na wannan haɗari. Abin da ke kayar da mutane shi ne rashin sanin yadda kwanakin farko suke. Kwana na 2 da na 3 su ne mafi tsanani. Ƙunci da rashin barci da yawan jin yunwa kan lafa cikin mako 2 zuwa 4. Kowace sha'awa in ta taso mintoci kaɗan take yi ta sauka, ko an sha ko ba a sha ba, don haka dabarar ita ce a samu abin cika waɗannan mintoci: kurɓar ruwa, asuwaki, alwala, tashi daga wurin. Tari kan ƙaru a makonnin farko saboda gashin hanyar numfashi sun farfaɗo suna fitar da datti, kada a ɗauka ciwo ne sabo. A rage goro da shayi da kofi, domin hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin da ke cikinsu. Da an bari sai ya taru, a ji bugun zuciya da rashin barci a ɗora wa rashin sigari. Rage adadi a hankali ba tare da sa ranar yankewa ba yawanci ba ya kai ko'ina. A sa rana, a biya bashin mai tireda tun kafin ta zo, a gaya masa da abokan majalisa, a sauya hanyar da ke bi ta gaban teburin na wata guda.

Akwai magungunan taimako a manyan kantunan magani. Filastar nikotin ga mai shan fiye da kara 10 a yini ana farawa da ta miligiram 21 na mako 6, sai ta 14 na mako 2, sai ta 7 na mako 2, ana sauya wurin liƙawa kullum. Cingam ɗin nikotin na miligiram 2 ne, ko 4 ga wanda ke kunnawa cikin rabin awa da tashi daga barci. Ba a tauna shi kamar na yara, sai a ɗan tauna har a ji yaji, a ajiye shi a kumatu, in yajin ya tafi a sake. Mai ciwon zuciya da mai juna biyu su fara ganin likita.

Azumi dama ce da ba kowace al'umma ke da ita ba, tunda malamai sun haɗu a kan cewa sigari na karya shi, kuma mashayi yana yin awa 13 zuwa 14 bai taɓa ta ba har kwana 29 ko 30. Kuskuren da ake yi shi ne a jera kara biyu ko uku da an sha ruwa, cikin wofi, jiri ya ɗebi mutum, kuma ƙishirwar ta sabunta kowane dare, sai watan ya fita ba a ci ribar komai ba. Wanda ya yi niyya ya yanke tun daren farko, ya tafi masallaci kai tsaye daga buɗa baki, ya zauna har a idar da asham; in kwana ukun farko suka wuce, mafi wuyar ta wuce. Ranar da ya kamata ya fi yi wa shiri ita ce ranar Sallah da yamma, lokacin da aka ci aka ƙoshi, majalisa ta cika, wani ya miƙo masa buɗaɗɗen kwali ya ce, "Haba mutumina, ɗaya dai." Ya tanadi amsarsa tun daga gida, ya kuma zauna kusa da wanda ya san ya bari.